Yadda Za Ka Bambance “Ray”, “Beam” da “Radiation” Kafin Ka Juya Su Zuwa Hausa

Tun daga 1962, lokacin da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, Kaduna ta zama wurin da ake juya labaran duniya daga Turanci zuwa Hausa kullum, kuma har yau mai fassara a ɗakin labarai, da malamin fiziks a sakandare, da ma'aikaciyar jinya da ke yi wa majinyaci bayanin takardar likita, duk suna cin karo da wasu kalmomi da suka yi kama da juna: “ray”, “beam”, “radiation”, “radioactive”, “irradiation” da “radiance”. Abin da aka fi yi shi ne a kira su duka haske, ko kuma, idan labarin ya zo da abin tsoro, a kira su duka tururi mai guba. Fassara ta farko tana rage wa magana nauyi, ta biyu kuma tana firgita jama'a ba gaira ba dalili, har a sami mai tari ya ƙi zuwa hoton ƙirji, ko mai juna biyu ta guje wa sikanin. Hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ya daina neman kalmar Hausa guda ɗaya ga kowace kalmar Turanci, ya fara da gano abin da ke faruwa a cikin jimlar, sannan ya faɗe shi da Hausar da mai sauraro zai gane.

Ka fara da duba ko ana iya ƙirga abin. Bature yana cewa “a ray” ko “rays”, yana cewa “a beam” ko “beams”, amma a maganar yau da kullum ba ya yi wa “radiation” jam'i, domin ita sunan abu ne da ake aunawa, ba a lissafa shi ɗaya, biyu, uku. Kalmomi biyun farko suna bayyana siffa da hanyar da abu ya bi, ta ukun kuwa tana nufin ƙarfin da ke tafiya ɗin kansa.

Kalmar “ray” ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci daga kalmar Latin “radius”, wadda ke nufin sanda ko ɗaya daga cikin sandunan da ke fita daga cibiyar ƙafar keken doki zuwa bakinta. Wannan asali yana da amfani, domin ma'anar ba ta yi nisa da shi ba: layi ne siriri, miƙaƙƙe, da ya taso daga wani tushe ya nufi waje. A lissafi, layi ne mai mafari amma ba shi da ƙarshe. A darasin haske kuwa, shi ne layin da malami ke ja da rula a kan allo, ya ɗora masa kan kibiya, domin ya nuna inda haske ya fito, da inda ya bugi madubi, da inda ya juya. Layin nan ba shi da kauri, kuma babu wanda ya taɓa ganin guda ɗaya tilo da idonsa, domin dabara ce ta zane da ake sauƙaƙa lissafi da ita. Saboda haka, idan ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ya tambaye ka, ka ce masa layin haske ne ko zaren haske, ka kuma nanata masa cewa abin da ake nufi shi ne alƙiblar da hasken ya dosa.

Ita kuwa “beam” tsohuwar kalmar Ingilishi ce da asalinta ke nufin itace, 'yar'uwar kalmar Jamusanci “Baum”, daga nan ta koma sunan gungumen da ake gittawa a rufin ɗaki, irin aikin da azara ke yi a ginin ƙasa. Wannan ma'ana tana nan da ranta, ita ce magina ke kira bim idan sun ɗaure rodi sun zuba kankare tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, don haka idan rahoto ya ce “beam” ya karye a wani gini da ya rufta, babu ruwan maganar da haske. Da aka ara wa haske kalmar, sai ta zo da kaurinta: dunƙulallen haske ne mai faɗi, wanda ake iya auna shi, kuma galibi wani abu ne ya tattara shi ya saita shi waje guda. Littattafan makaranta suna cewa tarin layukan haske ne, su kuma kasa shi uku: wanda layukansa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, da wanda ke tsukewa zuwa ɗigo ɗaya kamar yadda gilashin ƙara girma ke tara hasken rana har ya ƙona takarda, da wanda ke buɗewa yana bazuwa kamar na tocila.

Lokacin hunturu ne ya fi dacewa a nuna wa yaro wannan. A rufe ɗaki da hantsi, a bar 'yar huda a jikin kwanon rufi ko labule, sai a ga haske ya sauko a miƙe, ƙura tana yawo a cikinsa, yana da faɗin da za a iya tara hannu a tare shi. Wannan shi ne “beam”. Ba don ƙurar ba da ba za a gan shi daga gefe ba, domin ido ba ya ganin haske sai wanda ya shigo cikinsa, kuma ƙwayoyin ƙurar ne ke karkato da wani ɓangare zuwa ga mai kallo. Haka fitilar tirela take a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare idan hazo ya sauka: ana ganin hasken ya miƙa gaba tun kafin a ga motar. Abin da littafin tuƙi ke kira “high beam” da “low beam” shi ne hasken fitila mai dogon zango da wanda aka sunkuyar ƙasa domin kada a kashe wa mai tahowa ido.

Kada ka ɗauka cewa kowane “beam” haske ne da ido ke gani. Masana suna amfani da kalmar ga duk abin da aka tattara aka harba waje guda, ko ƙwayoyin lantarki ne, ko ƙwayoyin zarra, wato ƙananan ɓangarorin da kowane abu ya ginu da su, ko saƙon tauraron ɗan Adam da aka saito wani yanki na duniya, wanda shi ya sa mai ɗaura dish yake ta juya farantin kaɗan-kaɗan har sai hoto ya tsaya. Na'urar leza, wadda Theodore Maiman ya fara kunnawa a Amurka a 1960, ita ce misali mafi tsabta, domin haskenta yana tafiya nesa bai buɗe sosai ba. Idan kalmar ta zo a matsayin aikatau, kamar a ce an yi “beaming” wasan ƙwallo zuwa ƙasashe, an watsa shi ke nan. Idan kuma fuskar mutum aka siffanta da ita, fara'a ce ta cika masa fuska. A adabi da hira, Turawa kansu suna musanya “sunbeam” da “ray of sunlight” ba tare da damuwa ba, kuma a irin wannan wuri hasken rana ya wadatar. Haka “ray of hope” ba ya buƙatar a ja shi da nisa, a ce an fara ganin alamar haske a lamarin, ko akwai sauran fata.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne sunayen da tarihi ya bari. A watan Nuwamba na 1895, a garin Würzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen ya lura da wani abu da ke fita daga bututun gwajinsa yana ratsa baƙar takarda, kuma da yake bai san ko mene ne ba sai ya sa masa harafin X, wanda masu lissafi ke bai wa abin da ba a sani ba, kuma shi ne “X-ray” da ake kira eksire. Wannan bincike ne ya ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks a 1901. A shekarun da suka biyo baya, duk wani abu marar ganuwa da aka ga yana tafiya a miƙe sai a kira shi “ray”. Ernest Rutherford ya raɗa wa alfa da beta suna a 1899, Paul Villard ya gano na uku a Faransa a 1900, wanda daga baya aka kira gama, Victor Hess kuma ya hau balan-balan a 1912 ya tabbatar da cewa akwai wani da ke zuwa daga sararin samaniya. Bayan an fahimci abin sosai sai aka ga ba jinsi ɗaya ba ne: eksire da gama dangin haske ne, alfa da beta da mafi yawan na samaniya kuwa ƙananan ƙwayoyi ne masu gudu. Sunayen dai sun riga sun zauna. Abin da za ka yi a nan shi ne ka ɗauke su a matsayin sunaye, kada ka fassara “ray” ɗin da ke cikinsu da zaren haske. A asibiti ma, idan likita a Barau Dikko da ke Kaduna ya rubuta “chest X-ray”, hoton yake nufi, kuma jama'a sun riga sun yanke hukunci da kansu: hoton ƙirji, hoton ƙafa, hoton ƙashi.

Yanzu sai babbar kalmar. “Radiation” tana nufin ƙarfi da ke barin tushensa ya ratsa sarari, ko a siffar igiya ko a siffar ƙwayoyi, ba tare da buƙatar wani abu ya ɗauke shi ba. Hucin da ke dukan fuskar wanda ya tsaya gaban tukubar mai tsire, tun bai taɓa komai ba, shi ma ana kiran sa da wannan suna a littafin fiziks, kuma ta wannan hanya zafin rana ke iso mana daga nisan kilomita miliyan 150 cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Dangin suna da yawa, an jera su bisa tsawon zangonsu: igiyar rediyo, da maikirowef, da hucin da ke ƙasa da jan launi wanda William Herschel ya gano a 1800, da hasken da ido ke gani, da wanda ya wuce launin shuɗi mai duhu da ake taƙaitawa da UV, sannan eksire da gama. Dukkansu suna gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Wanda ya taso yana jin mai gabatarwa na cewa ana kama tasha a kan mita 49 a gajeren zango, tsawon igiyar ake gaya masa, kuma abin da eriyar Rediyon Kaduna ke fitarwa “radiation” ne a ma'anar kimiyya.

Saboda haka, da zarar ka ga kalmar, tambayar da za ka yi ita ce wane iri. Masana sun raba su gida biyu, kuma a nan ne mafi yawan maganar haɗari ta rataya. Akwai masu ƙarfin da za su iya fizge ƙwayar lantarki daga jikin zarra, su lalata ƙwayar halittar jiki, waɗanda Turanci ke kira “ionising”: eksire, gama, alfa, beta, da ɓangaren UV mafi ƙarfi. Akwai kuma waɗanda ba su kai wannan ƙarfi ba, irin su igiyar rediyo, da ta wayar hannu, da ta ƙarfen sabis, waɗanda abin da aka tabbatar suna yi idan sun yi yawa shi ne ɗumama abu. Da an riƙe wannan bambanci a 2020, da jita-jitar da ta danganta 5G da cutar korona ba ta sami wurin zama a wayoyin mutane ba, domin ƙwayar cuta ba ta tafiya a kan igiyar rediyo. A ra'ayina ya fi kyau a ari kalmar a rubuta radiyeshan, a bi ta da bayani a karon farko, misali a ce radiyeshan mai ratsa jiki irin na eksire, ko radiyeshan marar illa ga ƙwayar halitta irin na rediyo, maimakon a ƙirƙiro kalmar da za ta rufe bambancin.

UV ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi taɓa mutane a nan, kuma ba a cika kiran sa da sunansa ba. Mai walda a kasuwar Panteka ta Kaduna da ya yi aiki da baƙin tabarau na kasuwa maimakon garkuwar fuska, ko yaron shagon da ya tsaya yana riƙe masa ƙarfe yana kallon wutar, sau da yawa sai dare ya yi sannan idanunsa su kama raɗaɗi kamar an zuba yashi, hawaye na zuba. Ba ƙyallin da ya gani ne kaɗai ya yi masa wannan ba, UV ɗin da ke fita tare da shi ne ya ƙona fatar idon. Shi ne kuma ke sa zabiya ke fuskantar haɗarin dajin fata idan ba a kare shi daga rana ba. A irin wannan labari, ka ce wani ɓangare na hasken da ido ba ya gani amma yana ƙona fata da ido.

A asibiti kuma ka kula da abin da ake kira hoto ko sikanin, domin na'urori uku ko huɗu ne suka taru a ƙarƙashin suna ɗaya. Sikanin da ake yi wa mai ciki sauti ne mai tsananin siranta da kunne ba ya ji, babu eksire a cikinsa ko kaɗan. MRI maganaɗisu ne da igiyar rediyo. CT kuwa eksire ne da ake ɗauka ta kusurwoyi da yawa, kuma adadinsa ya ninka na hoton ƙirji sau da dama. Wannan ne dalilin da ya sa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin eksire ko CT, ba a kuma damu da hakan a wajen sikanin sauti ba.

Kalmar “radioactive” siffa ce ta abu, ba ta abin da ke tafiya ba. Henri Becquerel ya gano a 1896 cewa yuraniyom yana fitar da radiyeshan da kansa ba tare da an kunna shi ba, Marie Curie kuma ta ba wa wannan hali suna a 1898. Na'urar eksire ba ta da wannan hali: idan aka kashe ta, ko NEPA ta ɗauke wuta, babu abin da ya rage a ɗakin ko a jikin wanda aka ɗauka. Amma ƙwayar kobal-60 da ke cikin wasu na'urorin maganin daji ba ta da makunni, ƙarfinta yana raguwa da rabi ne duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, na siziyom-137 kuwa sai bayan kusan shekara 30. Wannan magana ba ta yi nisa da mu ba, domin a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom marar tacewa sosai a 2018. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, wato NNRA, ita ce ke sa ido a kan irin waɗannan kayayyaki a Nijeriya.

Daga nan sai bambanci tsakanin “irradiation” ko “exposure” da “contamination”. Wanda ya zauna ya ji ɗumin wuta ya tashi bai tafi da wuta gida ba, amma wanda garwashi ya faɗa masa cikin aljihu zai ci gaba da ƙonewa duk inda ya je, ya kuma ƙona abin da ya raɓa. Na farko shi ne wanda radiyeshan ya ratsa, na biyu shi ne wanda burbushin abin da ke fitar da radiyeshan ya manne masa a fata, ko a tufafi, ko ya shiga cikinsa. A garin Goiânia na Barazil, a 1987, wasu masu tsintar ƙarafa sun kwashe tsohuwar na'urar maganin daji daga asibitin da aka yi watsi da shi, suka fasa ta, suka sayar wa mai sayen gwangwan, garin siziyom mai shuɗin ƙyalli ya bi hannu-hannu a tsakanin dangi da maƙwabta. Mutum 4 suka mutu, aka sami kusan 250 da burbushin a jikinsu, aka kuma duba fiye da mutum 100,000. Duk mai rubuta wa 'yan gwangwan da 'yan jari-bola wayar da kai ya kamata ya siffanta musu alamar gargaɗin, wato fuka-fukai uku baƙaƙe ko masu launin jan-shuɗi kewaye da ɗigo a kan rawaya, ya ce kada a fasa abin da ke ɗauke da ita. Kalmomin tururi, ƙura da burbushi a irin wannan wuri suka dace, da kuma labarin Chernobyl na 1986 da Fukushima na 2011, inda iska da ruwa suka ɗauki kayan da gaske suka yaɗa.

Idan rahoto ya zo da alƙaluma, ka duba ma'aunin. “Becquerel” yana auna yawan fashewar zarra a cikin abu a kowace daƙiƙa, “gray” yana auna ƙarfin da jiki ya sha, “sievert” kuma yana ƙiyasta illar ga ɗan Adam. Lamba ita kaɗai ba ta gaya wa mai sauraro komai, sai an ajiye ta kusa da wata. Hoton ƙirji ɗaya yana kai kimanin milisibat 0.1 (milisibat kashi ɗaya ne cikin dubu na “sievert”), alhali matsakaicin abin da mutum ke samu a shekara daga ƙasa, da iska, da abinci, da samaniya ya kai kusan 2.4, wato hoton ya yi daidai da na kusan mako biyu na zaman duniya kawai.

Sauran dangin kalmar ba su da wahala. “Radiology” sashen hoto ne, “radiologist” likita ne mai karanta hoton, “radiographer” kuma shi ne ƙwararren da ke ɗauka, kuma ba sa son a haɗa su. “Irradiance” ita ce kalmar masu haɗa sola, ƙarfin rana a kan kowace murabba'in mita, kuma wat ɗin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a kan wat 1,000 a murabba'in mita. “Radiant” da “radiance” idan an yi maganar amarya ko fuskar dattijo, annuri ne ko sheƙi. “Radiator” lagireto ne. Idan likita ya ce ciwon ƙirji yana “radiate” zuwa hannun hagu, yana nufin ciwon yana sauka ko yana miƙawa can.

“Radiotherapy” ita ce inda kalmomin suke haɗuwa a jimla ɗaya, kuma majinyatan da ake turawa Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya su ne suka fi buƙatar a yi musu bayani daidai. Jama'a suna cewa gashi, kalmar da ke sa wasu su zaci wuta za a kara musu, alhali lokacin da na'urar ke aiki mutum ba ya jin zafi, illolin kamar gajiya da canjin fata daga baya suke biyowa. Idan takarda ta ce “external beam radiotherapy”, bayanin shi ne na'ura ce daga wajen jiki take tattara radiyeshan mai ƙarfi ta saita shi kan ƙarin, tana zagayawa tana harbawa ta kusurwoyi daban-daban, yadda duk harbin zai haɗu a kan ƙarin, naman da ke kewaye kuma ya sami kaɗan. Wanda aka yi wa irin wannan ba ya ɗauke da komai idan ya fito, yana iya ɗaukar jikarsa, ya ci abinci a kwano ɗaya da iyalinsa. Idan kuwa takardar ta ce “brachytherapy”, ko ta ambaci shan sinadarin aidin mai radiyeshan domin ciwon maƙoshi, to tushen ne aka sa a cikin jiki, kuma a nan likita zai faɗi tsawon lokacin da za a rage kusantar yara da masu juna biyu, sai mai fassara ya isar da adadin kwanakin daidai yadda aka faɗa masa.